A je Istanbul a dawo ba a ga komai ba sai shago?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwar Katsina da Daura masu fita sarin kaya, musamman masu zuwa Turkiyya, inda ni ma can nake saro darduma da labule. Ba zancen dala zan yi ba, ba kuma na kuɗin kago ba, waɗannan kullum muna kansu a bakin shago. Abin da ke damuna shi ne mutum ya zuba kuɗi masu ciwo a biza da tikiti, ya yi mako guda a Istanbul, ya dawo a tambaye shi yaya garin, ya ce akwai sanyi kuma kaya sun tashi. Daga otal ɗinsa a unguwar Laleli zuwa shagon dillali, daga nan zuwa wurin ɗaure kaya, sai gidan abincin 'yan Najeriya a nemi tuwo. Iyakar Turkiyyarsa ke nan.

Na san amsar: ba yawo ya kai mu ba. Gaskiya ne. Amma shagunan Laleli ba sa buɗewa sai hantsi, to tsakanin sallar asuba da lokacin me ake yi? Barci da latsa waya. Ni tun da likita ya ce jinina yana hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki, nake jefa kambas da dogon wando a jaka duk inda za ni, kuma a wannan sa'a ɗaya ta bayan asuba na ga abin da taksi ba ta taɓa nuna mini ba.

Daga Laleli gangara ce kawai zuwa bakin tekun Marmara. Kana isa ka karya hagu, ka kama hanyar bakin ruwa da sassarfa. A damarka manyan jiragen ruwa ne jere da fitilunsu, sun yada zango suna jiran a ba su layin ratsa mashigin Bosforus zuwa Baƙin Teku. A hagunka tsohuwar ganuwar bakin teku, bisanta hasumiyoyin masallacin Sultan Ahmad guda 6 da ƙubbar Aya Sofiya. In ka zagaya ƙusurwar da fadar Topkapi take, sai ka hango tsallaken Asiya hasken alfijir na fitowa ta bayanta, jiragen fito sun fara kwaso ma'aikata. A kan gadar Galata kuwa tun da duhu masu fatsa sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Na tsaya kusa da wani dattijo mai hular sanyi, ya ɗago zarensa da ƙananan kifaye huɗu ko biyar suna rawa a jiki, ya zare su ɗaya ɗaya ya watsa a bokiti, ya ware guda ya miƙa wa wata kyanwa da ke zaune gefen ƙafarsa kamar an ba ta alkawari. Bai san Hausa ba, ban san Turkanci ba. Ya tsiyaya mini shayi a ɗan kofin gilashi mai tsukakken ƙugu, ya nuna tumbina ya yi dariya, ya yi mini alamar in ci gaba da gudu.

Hanyar da na fi so in kwaɗaita wa 'yan uwa ita ce wadda ta tashi daga gadar nan ta bi gefen ruwan Halic, reshen tekun da ya kutsa cikin birnin, zuwa unguwar Ayyub Sultan, tafiyar da ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6 ba, kuma shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa. Za ka wuce gidajen Balat masu fenti kala kala, da wata coci ta mutanen Bulgeriya da aka ƙera da ƙarfe zalla, aka kawo ta gunduwa gunduwa daga Biyana aka harhaɗa. Za ka wuce inda babbar ganuwar birnin ta tuƙe da ruwa, ganuwar da aka fara ginawa tun ƙarni na 5, tana nan kewaye da garin har 1453 da Sultan Muhammad Alfatih ya ci shi. A ƙarshen hanya akwai kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa ranar da ya shiga Madina. Ya fito yaƙi da tsufansa a zamanin Mu'awiya, ajali ya same shi a bakin wannan birni. Akwai abokin sana'ata da ya fi ni daɗewa yana zuwa Istanbul, da na ba shi labari sai ya ce, "Alhaji, a garin nan dai da muke zuwa?" Wanda zai bi ta can ya sa wando mai sutura, don gudun zai ƙare ne a harabar masallaci.

Wata tafiyar kaya suka makale a masaƙa, aka ce in jira. Maimakon zaman otal sai na hau motar dare zuwa Kapadokiya, tsakiyar ƙasar, gari ya waye mana a Goreme. Edita, wannan wuri sai an gani. Tokar duwatsu masu aman wuta ce ta daskare ta zama dutse mai laushi, ruwa da iska suka yi ta sassaƙarsa har ya zama dogayen tsaunuka masu tsini tsaye cikin kwari, kamar rumbunan da aka jera bayan girbi, wasu har da hular baƙin dutse a ka. Mutanen zamanin da ne suka fafe cikinsu suka yi ɗakuna da wuraren ibada da rumbunan ajiya, a Derinkuyu ma gari guda suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa hawa hawa don ɓuya daga mahara. Tun 1985 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi mai yawa su hau balan-balan mai kwando da asuba. Ni ƙasa na bi, ta wata siririyar turba tsakanin gonakin inabi, sanyi na cizon yatsu. Ban ankara ba sai na ji huci mai ƙarfi bisa kaina, ashe wutar da ake hura wa balan-balan ce, ga su nan sun cika sama sun fi gaban ƙirga, wani ya sauko ƙasa ƙasa har ina jin hirar mutanen ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, da yake ɗan manomi ne ni, 'yan ƙananan tagogi ne da aka huda can saman duwatsu, an shafa musu farar ƙasa a baki. Gidajen tattabaru ne. Manoman yankin sun fafe su ne don su tara kashin tattabara su kai gona taki. Wanda ke sama cikin kwando zai ɗauki hoto mai kyau, amma da wuya ya lura da wannan.

Ba na cewa kowa ya zabura da gudu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa, kuma tafiya mai sauri ma ta wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ce babba ya samu na motsa jiki matsakaici, wato rabin sa'a sau biyar. Masu yada zango a Addis Ababa su bi a hankali, garin ya haura mita 2,300 bisa teku, numfashin mutumin Katsina ba ya isa can a ranar farko. A sa katin otal da kwafin fasfo a aljihu. A kuma duba lokacin salla, don a Istanbul asubar hunturu takan kusa ƙarfe 7, ta bazara kuwa kafin ƙarfe 4 an kira.

Matsalar tana gida. A can tsoho mai furfura da matarsa suna sassarfa babu mai ɗaga kai. A nan ranar da na fara fita daga Ƙofar Marusa da kambas, wani mai shayi ya biyo ni da "Alhaji lafiya? Me ya faru?" Ban ga laifinsa ba, mu da aka raina da cewa ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba, in an ga magidanci a guje sai a duba bayansa. Wasu kuma suna ganin zubar da girma ne. To wa ya kai Manzon Allah girma, shi da ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata?

Ga kuma rashin wurin. Gefen titi 'yan tireda da masu faci sun cinye, sauran 'yan acaɓa da masu keke napep. Alhali abin kallo ba mu rasa ba: hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, da ɗan abin da ya rage na ganuwarmu, wadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka kusa gamawa da ita. A Daura ga rijiyar Kusugu ga fadar sarki, duk a tafiyar ƙafa.

Birnin Kigali na Ruwanda tun 2016 yake rufe wasu manyan tituna ga motoci da safiyar wasu ranakun Lahadi, jama'a su fito gudu da tafiya da keke, ma'aikatan lafiya na gefe suna awon jini da suga kyauta. Wannan ba ya bukatar kwangila. Ina roƙon masu iko da masarautunmu biyu su gwada mana ko da Asabar ɗaya a wata, daga ƙarfe 6 zuwa 8, a rufe hanya daga Ƙofar Soro ta Gobarau zuwa Ƙofar Guga, a sa jami'an tsaro, a ware wa mata gefensu, a gayyato ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya da na'urar awon jini. A fara bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Ruwan sha na ranar farko, in Allah ya yarda, mu 'yan layin darduma za mu kawo.

Wassalam.

Naka,
Mai sayar da darduma,
Ƙofar Marusa, Katsina.