Tsohuwa ta daina shaƙewa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali? Shirun nan ya yi yawa, kuma laifinka ne, don ni na aiko saƙon ƙarshe. Maganar canjin wurin aikinka na zauna in tambaya, amma albishirinka tukuna: Tsohuwa ta warke! Ita dai motar nan tawa da ka ce in kai wa 'yan gwangwan.

Ka san halin da ka bar ta. In tana silo jikinta na karkarwa, salansa na ta tari, in an taka totur kuma sai ta shaƙe, ta yi jim kafin ta ɗauka. A hawa abin ya fi muni, haka da safe in an yi raɓa. Wani bakanike ya kasa kunne kawai ya ce sai an sauke inji. Raina bai kwanta ba. Silinda abu uku take nema: wuta, haɗin fetur da iska, sai matsi. Ta yaya za a farke inji ba a gwada ko ɗaya ba?

Na sa aka auna matsin, duka huɗun suka fito kusan kai ɗaya, ringi da bawul suka fita daga zargi. Sai na tayar da ita, na riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, don wutar nan ta dubban bolt ce. Duk wadda na zare sai inji ya ƙara rawa, ban da ta uku. Ko gezau! Ashe dama ba ta aiki. Fuloginta ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Da dare na ɗaga bonet cikin duhu, sai ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar zuwa jikin inji. Robar ta tsage. A hawa matsin cikin silinda na ƙaruwa, wuta na shan wuyar tsallake bakin fulogi, sai ta zurare ta tsagar. Danshi kuma sauƙaƙa mata hanya yake yi.

Af, ƙaninka na tsaye a wurin. Ya tara gemu yanzu, wai shi babba, kuma ya ce har yau ba ka maido masa da jakarsa ba. Ka ji kunya dai!

Na canza wayoyi da fulogai, karkarwa ta tafi, amma shaƙewar tana nan. Nan na gane ciwo biyu ne suka haɗu. Na kashe inji, na cire matatar iska, na leƙa maƙogwaron kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, ina motsa totur da hannu. Kamata ya yi a ga fetur ya yi tsartuwa, domin da zarar totur ya buɗe iska ce ke rigan mai shiga, ɗan famfon nan na kafireta shi ke cike giɓin. Ko ɗigo babu. Robar famfon ta bushe ta yage. Da aka sa sabuwa, wallahi sai da na ji ƙwalla, na hau gadar nan a giya uku ba ko tari.

Kai kuma taka motar ce ke damuna. Uwargidanka ta gaya wa matata cewa fitilar inji tana ƙyaftawa, kai kuma kana ta tuƙi abinka. Ƙyaftawa ba wasa ba ce. Ɗanyen fetur ne ke sauka cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi. Taka ƙirar bayan 1996 ce ta Amurka, tana da OBD-II, wato tsarin da mota ke bayyana ciwonta da lamba, sa mata kwamfuta kawai za a yi a karanta lambar. P0301 silinda ta ɗaya ce ba ta kama wuta daidai ke nan, P0303 ta uku, P0300 kuwa ba wuri ɗaya ba ne, sai a duba tiyon da ke shan iska ko ƙarfin famfon mai. In ta nuna silinda guda, a musanya koyil ɗinta, mai ba fulogi wuta, da na maƙwabciya, a ga ko lambar za ta bi shi. Kada ka yarda a sayo komai kafin nan.

Ka kai ta makon nan don Allah, ka aiko min da lambar. A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.