A bar ɗaliban lise su yi mahawara kan fitarmu daga CEDEAO

Malam Edita, salamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili in yi kira ga malaman lise na nan Maradi. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 kowa na magana a fada da tasha, amma a aji shiru, wai siyasa ce. To ba iyayen yaran nan ke kasuwanci da Katsina ta Ɗan Issa da Jibiya ba? A raba aji biyu mana, su je su tambayi ƴan kasuwa da direbobi yadda rufe iyaka na 2023 ya taɓa kuɗin kaya, su dawo kowa ya kare ra'ayinsa da hujja ba jita-jitar WhatsApp ba. Malami kuwa alƙali ne kawai, ya bar nasa ra'ayin a aljihu.

Wani uba, daga Maradi