Sanarwa: Zaman masu filaye kan lambatu da fara gini

Assalamu alaikum ƴan uwa masu filaye a sabuwar unguwarmu, da fatan kowa yana lafiya da iyali.

In Allah Ya kai mu Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu zauna a harabar masallaci kan maganar lambatu. Damina ta ƙarato, kuma unguwar da aka gina ba a fitar wa ruwa hanya ba, gidajen gangare ne ke kwana a ciki. A wajen za mu auna tsawon kowane layi, mu yanke kuɗin da kowane fili zai bayar. Kowa ya zo da kwafin takardar filinsa, wanda ba ya gari ya turo wakili.

Masu shirin fara gini, don Allah kada a haƙa harsashi sai an karɓi izinin hukumar tsara birane ta jihar Kano (KNUPDA), safiyo kuma ya nuna iyakar fili. Wanda ya ci hanya, rusau ne ƙarshensa, asarar kuma ba kaɗan ba ce.

A ɗaga daɓen gida sama da titi da aƙalla bulo biyu, domin idan aka zo zuba jar ƙasa da kwalta titin zai ƙara tsawo, gidan da ya yi ƙasa sai ruwa ya riƙa shigar masa ta ƙofa. Masai da sokawe su yi nesa da rijiyar burtsatse, taka da ta maƙwabcinka, kamar mita 30. Yashin tifa kuma kada a juye shi a bakin lambatu.

Allah Ya ba kowa ikon kammala gininsa lafiya.

Naku,
Sakataren kwamitin unguwa