A riƙa kai ɗaliban labarin ƙasa bakin Kogin Haɗejia

Assalamu alaikum. Malam Edita, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu ja hankalin shugabannin makarantun sakandare na ƙauyukan Jigawa. Abin takaici ne yaron Auyo ko Ringim ko Miga, wanda ambaliyar 2022 ta cinye gonar mahaifinsa, ya koyi darasin kogi a kan allo kawai, alhali kogin yana bayan garinsu. Fita da ɗalibai ba ta buƙatar kuɗi mai yawa: igiya, tef ɗin awo, sanda mai alamar santimita, lemon zaƙi da agogon waya sun wadatar.

Kada a fita a Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ke tumbatsa. A bari sai Nuwamba, ruwa ya ja amma shatinsa bai goge ba a jikin katanga da itatuwa. A fara gaisuwa wurin dagaci, a nemi sarkin ruwa ya yi jagora, don shi ya san inda gurbi yake. A zaɓi ƙaramin reshe, kuma kowa ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. A guji ruwan da ke kwance saboda tsargiya.

A auna mita 10 a bakin ruwa, a saki lemo, a duba daƙiƙa (wato sakan) nawa zai yi kafin ya kai ƙarshe. A maimaita sau biyar a ɗauki matsakaici. A nan yawanci ake kuskure: sai a jefa gorar roba wadda ba komai a ciki, iska ta kwashe ta, awon ya lalace. Lemo kuwa kusan duk jikinsa yana nutsewa, ruwa ne kaɗai ke tafiya da shi. Idan ya yi daƙiƙa 20, gudun ruwa rabin mita ne a daƙiƙa, sai a ninka da 0.8 domin ruwan da ke saman kogi ya fi na ƙasa sauri. Sannan a ɗaure igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, a auna zurfi bayan kowace mita. Faɗin mita 6 da matsakaicin zurfin rabin mita, a wannan gudun, yana nufin ruwa lita 1,200 ke wucewa a kowace daƙiƙa.

A kuma fasa gindin gwangwani biyu, a kafa ɗaya a jigawa ɗaya a lakar fadama, a zuba ruwa daidai wa daida. Yara za su ga da idonsu dalilin da ruwa ke kwanciya a fadama.

Daga nan sai maganar shawo kan ambaliya. Ya kamata ɗalibi ya san cewa Kogin Kano da na Chalawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejia, kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa ta 1992 sun sauya tafiyarsa. Tun da madatsun suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ita ke rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta cike, sai ruwa ya fasa gefe ya shiga gonakin shinkafa. A nuna musu jinga, su auna tsayinta su gwada da shatin ruwan bana, su duba inda ɓeraye suka yi rami ko inda aka yanka ta don ban ruwa, domin ta nan take ɓallewa. Su tambayi dattawa wace shekara ruwa ya fi yawa, kuma ina ya tsaya.

Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi ta sa wannan fita cikin zangon karatu na farko, Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are kuma ta riƙa turo ma'aikacinta ya yi wa yara bayanin yadda ake sakin ruwa daga madatsa.

Daga wasu malaman labarin ƙasa,
Auyo, Jihar Jigawa.