Ɗan mannin bayan waya da maganar "nano"

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan abin da na gani a kasuwar Garwa makon jiya, inda wani mai tebur yake sayar da ɗan manni mai ƙyalli, wanda bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, a kan sefa 500, yana rantsuwa cewa fasahar "nano" ce mai tsotse igiyoyin da wayar salula ke fitarwa. A gabana wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta sayi uku, har da na jikokinta.

Abubuwan da ke shanye irin waɗannan igiyoyi akwai su, kuma ni da nake koyar da kimiyya ba zan musanta ba. Ana cuɗa roba ne da ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kamar bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, ko girafin, wato shimfiɗar kabon mai matuƙar siranta da aka ware a Ingila a 2004, ko garin ƙarfe mai maganaɗisu. Farantin ƙarfe mayar da igiyar yake yi, kamar madubi da haske. Wannan haɗin kuwa barin ta yake yi ta shiga, sannan ya mai da ƙarfinta ɗan zafi. Gwanintar tana ga awo, domin idan kabon ya yi yawa robar takan koma tamkar ƙarfe ta kore igiyar, idan kuma ya yi kaɗan igiyar ta ratsa ta wuce kamar ruwa a kwando. Kaurin ma sai ya dace da tsawon igiyar, shi ya sa abin da aka haɗa domin na'urar hango jiragen sama mai gigahaz 8 zuwa 12 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne, kuma ƙaruwarsa na nufin gajartar igiyar) ba lallai ya yi aiki a kan Wi-Fi mai gigahaz 2.4 ba, wadda tsawon igiyarta ya kai wajen santimita 12. Da irin wannan haɗi ake lulluɓe jiragen yaƙi da bangon ɗakunan gwajin eriya.

To ina ɗan manni ya ga wannan aiki? Da igiyoyin nan waya take magana da turken sadarwa, kuma da mannin ya shanye su da gaske, kira ma ba zai shiga ba. Hasali ma, duk abin da ya tare eriya yana sa wayar ta ƙara ƙarfin abin da take fitarwa, kamar yadda hukumar kula da ciniki ta Amurka ta daɗe da gargaɗi.

Ina roƙon malaman jami'o'in Ngaundere da Marwa su sayi wannan manni su gwada shi, su faɗi sakamakon a rediyo da Hausa da Fulatanci. Tun da masu bincike a ƙasashen waje suna samar da kabon na wannan aiki daga ƙaiƙayin shinkafa, su duba wanda ke jibge a Yagwa ma.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Garwa, Kamaru