Wasiƙa kan turakun kogo da maganaɗisun duniya

Zuwa ga aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya aiki? Mutanen Birni da Zango suna gaishe ka.

Na ji za ku shiga kogo ɗauko turken farar ƙasa, irin wanda ɗigon ruwa ke ginawa daga ƙasa, don a karanta maganaɗisun duniya na zamanin da a cikinsa, wato ƙarfin da ke juya allurar kamfas zuwa arewa. Aikin nan tun a kogo yake gyaruwa ko ya ɓaci, shi ya sa na rubuto.

Ruwan rufin kogo yana sauko da ƙurar baƙin ƙarfe, wato magnetait, irin wanda mayen ƙarfe ke tsincewa cikin rairayi. Ƙwayoyin sukan juya su bi maganaɗisun duniya na lokacin, farar ƙasa ta daskare ta kulle su. Yawancin turaku ba sa ƙara ko milimita 1 a shekara.

Kafin ka taɓa turken, nisantar da waya da guduma daga kamfas, ka zana kibiyar arewa a jikinsa, ka ja layin kwance da awon ruwa na magina. Wanda ka tsinta a karye bai da amfani, don ba ka san inda ya fuskanta ba. Guda ɗaya ya isa, kuma da izinin mutanen wurin.

Kar a yanka shi da zarton ƙarfe, ɓarɓashinsa zai danne ɗan maganaɗisun da ake nema. A sa na tagulla, a fitar da gutsattsari masu santimita 2, daga tsakiya. A gefe akwai gangare, ƙwayoyin sukan mirgina su karkace. Wannan ya fi damuna game da yankinmu, inda maganaɗisun duniya yake kusan a kwance, kuskuren digiri kaɗan sai ya sauya sakamako. A ɗakin gwaji ana goge maganaɗisun da ya shiga daga baya mataki-mataki, har wajen militesila 100 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan).

Sai batun shekaru. Ana ƙidaya su da yuraniyam da toriyam, sinadaran cikin dutsen da na farko ke rikiɗewa ya koma na biyu sannu a hankali, har kusan shekara 500,000. To amma sashen da ya yi datti, wanda ya fi ba da maganaɗisu mai ƙarfi, shi ne ke shigo da baƙon toriyam, sai dutse ya nuna tsufan da bai kai ba. Don haka ka ɗebi garin dutsen da za a auna shekaru da shi daga farin sashe mai tsabta mafi kusa. Ta haka turken kogon Crevice a Misuri ta Amurka ya nuna kaucewar Laschamp, wajen shekara 41,000 baya, wato lokacin da maganaɗisun duniya ya kauce daga arewa, ya yi rauni ƙwarai. Juyewar arewa da kudu da maganaɗisun duniya ya yi wajen shekara 780,000 baya kuwa ta fi ƙarfin wannan awon shekarun.

Duwatsunmu na Damagaram giranit ne, ba sa yin irin turakun nan, ga shi kuma awon tsohon maganaɗisu da aka yi a Afirka ta Yamma kaɗan ne. Don Allah in sakamako ya fito ka aiko mini.

A gaida mutanen gida.

Naka amini,
daga Damagaram