Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya a kan gajiyar likitocin fiɗa

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni matar likitan fiɗa ce a nan Maradi. Ban taɓa shiga ɗakin tiyata ba, amma ni nake karɓar abin da ya rage na mutumin in ya fito.

Makon jiya maigidana ya fita da asubahin Talata, bai dawo ba sai la'asar ɗin Laraba. Daren gardi ne, wato kwanan aiki a asibiti. An kawo 'yan kabu-kabu biyu da suka yi karo, sai wata mai naƙuda daga wajen Dakoro da ta kwana biyu tana wahala. Gari na wayewa kuma ga waɗanda aka ba alkawarin aikin fiɗa tun tuni. Da ya shigo gida ya zauna kan tabarma zai cire takalmi, barci ya kwashe shi da ƙafa guda a ciki. Furar da na dama, yara suka shanye.

Ba wai ba ya kula da kansa ba. Yana taka ƙasa bayan sallar asuba, yana sa safa mai matse ƙwauri saboda jijiyoyin da tsayuwa ta kumbura, ya kuma cika allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B, don allura kan soki mai ɗinki. Ruwa ne yake ƙi sha kafin dogon aiki, wai kada fitsari ya tashe shi, ko da kuwa a zafin Afrilu ne. Wannan kam mun sha faɗa a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da yaro ya cika a hannunsa. Ba ya magana, ba ya ci. Kowa sai ya ce masa ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, amma ni nake jin juyinsa har kiran assalatu. Ba wanda zai gaya wa, don gudun kada a ce hannunsa ya fara rawa.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar aiki mai cin rai matsala ce da wurin aiki ke haifarwa. Dokar Tarayyar Turai ta kayyade awa 48 a mako, da hutun awa 11 a jere kowace rana. Na san mu ba mu kai nan ba, likitocinmu kaɗan ne, kuma waɗanda Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi ke yayewa sai sun ƙara shekaru kafin su riƙe wuƙa su kaɗai.

Roƙona, ranka ya daɗe, a rubuta a takarda cewa wanda ya kwana gardi ba zai yi fiɗa washegari ba sai ta gaggawa. A kuma ware musu zama, ko sau ɗaya a wata, da wanda ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, a ɗakin da maganar ba za ta fita ba.

Gobe Talata, gardinsa ne kuma. Na riga na wanke safar.

Wassalam,
Wata matar likita, Maradi